A Naɗa Shi Sarkin Dakon Mahuta

Ina da roƙo wurin dattawan garinmu, Allah Ya ja da ransu. Ƙasar Hausa ba ta rowar rawani. Akwai sarkin noma, akwai sarkin pawa, akwai sarkin aska da sarkin tasha, makaɗa da nasu, kai har samari ba a bar su haka nan ba. Amma ga wani bawan Allah nan Mahuta, ya fi kowa kai-komo, ba ya barci, ba ya zuwa biki, ba ya zuwa ta'aziyya, bai taɓa roƙon ko ruwan sha a gidan kowa ba, kuma har yau ko hula ba a ɗora masa ba. Wannan butulci ne, ni kuwa ba zan mutu da maganar a ciki ba. A naɗa shi Sarkin Dako.

Kafin a tambaye ni ɗan gidan wa ne, bari in faɗa tun yanzu: ba a ganin sa da ido. Yana cikin wayar da ke aljihunka, yana cikin tsohuwar kwamfutar da ɗanka ya sayo ta hannu a Kano.

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Bakori ko Ɗandume ya san mutum biyu ne tsakaninsa da buhunsa. Akwai dillali, wanda ya san inda masara mai kyau take, ya san wadda ba ta gama bushewa ba, ya san in ka sayi wannan sai ka haɗa da buhu da zare da basilla. Sannan akwai ɗan dako, wanda ba ruwansa da ciniki, nasa dai ya ɗauka ya kai. To haka harkar manhaja take. Abin da ke girka maka manhajoji, ya sabunta su, ya san wacce ba ta tashi sai da wacce, shi ne dillalin. Masu sana'ar suna da nasu, apt da pacman da Homebrew da Scoop da pip, mu 'yan waya kuma mun fi sanin Play Store da danginsa. Sai dai dillali ba ya ɗora kaya a ka. Dole ya sami wanda zai je can rumbun, a Turai ne ko Amurka, ya sauko da fayil ta intanet ya dire maka. Wani dillalin yakan reni nasa ɗan dakon a gida, wani kuwa sai ya ɗauko na waje, curl ko wget ko aria2, ya ɗaure su wuri guda ya miƙo maka. Ba a shawara da kai. Gyara ce, irin wadda mai ƙuli-ƙuli ke ƙara maka, illa dai wannan gyarar ba ta mayaruwa.

Na san darajar gwanin nawa ne a wani dare na hunturu, bayan an shigar da masara. Ɗan ƙanwata ya gama sakandare, ya ɗaura aniyar koyon rubuta manhaja, aka ce masa sai ya girka wasu kaya masu nauyin megabait 900 da ɗoriya. Ya sayi datar dare, wadda ke farawa ƙarfe 12 ta mutu da asuba, don ita ce daidai aljihunsa, kuɗin ma ladar ɓarar masara ce ya tara. A ɗaki sabis ba ya kamawa. Sai muka fita bayan gida wajen da aka jingine karan dawa, ya kifa turmi a kan benci, ya ɗora wayar a kan turmin, ya jona ta da kwamfuta. Ni rakiya na zo yi, da bargo da tocila.

Wani ɗan layi ya bayyana yana jan jiki kamar hawainiya. Kashi 9. Kashi 23. Iska na kaɗa karan dawa, karnukan unguwa na amsa wa juna, yaro ya cusa hannuwa cikin hammata, idonsa kur a kan allo. Duk sanda na motsa sai ya ce, "Kawu, kar ka taɓa bencin." Wajen ƙarfe biyu da rabi muka kai 80. Ya fara murmushi. Da aka kai 97 har ya miƙe tsaye.

Sai alamar da ke saman wayar ta sauka daga 4G zuwa E, daga nan ta ɓace gaba ɗaya. Ba ta daɗe ba, wallahi ko kofin shayi ba za ka shanye ba, ta dawo. Muka dubi allo.

"Kawu, ya koma farko."

"Wane farkon?"

"Farkon farko. Sifili."

"To duk waɗancan da ya kawo fa, ina ya kai su?"

"Ya zubar."

A nan ne hankalina ya tashi, ba don baƙin ciki ba, don tsananin sha'awa. Jama'a, ina aka taɓa ganin ɗan dako mai irin wannan tsantseni? Ku dubi 'yan dakonmu na kasuwa. Mutum zai ɗauko buhu daga tasha, in ya iso kwalbati ya gaji sai ya sauke, ya share gumi da gefen riga, ya gaisa da mai rake, sannan ya sake saɓawa ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan ai ragwanci ne da son jiki. Shi gwanin nawa, in ya yi tuntuɓe a dokin ƙofar zaurenka, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ba zai yarda ya miƙa maka buhun da ya taɓa ƙasa ba. Sai ya kwance bakin buhun, ya juye masarar a kwata, ya kakkaɓe, ya koma kasuwa ya auno sabuwa. Da kuɗinka, i mana, to da na wa? Mutumin da ya damu da mutuncinka har haka, ka ce kuma ya biya daga aljihunsa?

Malamai sun karantar da mu cewa wanda ya yanke alwala da gangan har gaɓɓansa suka bushe, sai ya sake daga farko. Gwanin nawa bai tsaya jiran bushewa ba. Ƙiftawar ido kawai ta ishe shi.

Sau uku ya yi mana wannan karamci a daren. Na biyu a kashi 41, na uku a 66. Ana kiran assalatu data ta ƙare, yaro ya naɗe wayoyinsa bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauke turmin kafin matan gida su fito neman sa.

Na san akwai masu hassada da za su ce ai rashin iyawa ne. Ƙarya suke yi, kuma zan kare shi da hujja. Tun shekarar 1997 ƙa'idar da fayiloli ke tafiya a kanta a intanet, wadda ake kira HTTP, ta tanadi hanyar da ɗan dako zai ce wa mai rumbu, "Na riga na kai mudu talatin, ba ni daga na talatin da ɗaya." Mai rumbu sai ya amsa da lamba 206, wato ga ragowar. Akasarin rumbunan duniya sun san wannan magana, suna kuma amsa ta. Rijiya ta ba da ruwa tun kafin a haifi ɗan ƙanwata. Guga ne, saboda kamun kai, ya ce a bar shi.

Su ma 'yan dakon haya ba jahilai ba ne. Shi wget wani ɗan Kuroshiya ne mai suna Hrvoje Nikšić ya fito da shi a 1996, zamanin da intanet ke bin layin tarho yana yankewa kamar wutar lantarkinmu, don haka aka gina shi da naci: in hanya ta tsinke yakan sake gwadawa har sau 20 yana ɗorawa daga inda ya tsaya, in ma ka kashe kwamfuta ka dawo gobe, ƙaramin harafin c kawai za ka ƙara masa ya ci gaba. Shi kuwa curl, na Daniel Stenberg ne ɗan Suwidin, ya samo asali ne daga wata 'yar manhaja da yake amfani da ita wajen ɗauko farashin canjin kuɗi, aikin da yaran 'yan canji ke yi da ƙafa a Wapa, ya ɗauki sunan curl a 1998, yau yana cikin biliyoyin na'urori, har da motoci da talabijin. Shi ma da babban harafin C yake ɗorawa. Kun ga ke nan dukansu sun iya ajiye buhu a kwalbati. Abin da ya rage kawai dillali ya raɗa musu harafi ɗaya a kunne ranar da ya ɗauke su aiki. Harafi ɗaya! Riƙe harafi ɗaya a baki shekara da shekaru ba ƙaramin jarumi ke iyawa ba.

Ga misali a rubuce, don kada a ce shaci-faɗi nake. Dillalin nan pip, wanda duk mai koyon harshen Python ke bi ta hannunsa, ya fito a 2008. Sai a watan Afrilun 2025 ya koyi ɗorawa daga inda ya tsaya. Shekara 17. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da pip ya fito, ya yi kaciya, ya sauke Alƙur'ani, ya fara tsayuwa a ƙofar gidan su yarinya, kafin dillalin ya yarda cewa sabis na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Ni ban ga laifinsu ba. Mutane ne masu aikin sa-kai, Allah Ya saka musu, kuma a inda akasarinsu ke zaune, kayan da suka ci mana dare guda sukan sauka kafin mutum ya gama miƙa. Wanda bai taɓa kifa turmi a kan benci ba, me zai kai tunaninsa ga turmi? Ƙaiƙayin da ba a jikinka yake ba, ai ba ka san inda za ka sosa ba. Abin da ya ba ni takaici shi ne da suka karaya daga baya. An riƙe al'ada shekara 17, sai a sake ta don kukan wasu ƙauyawa?

Akwai ma waɗanda suka kauce hanya tun da wuri. Dillalin nan apt, na gidan Debian da Ubuntu, yana da wani lungu da yake tara guntayen kayan da ba su gama isowa ba, ya dawo ya cike su daga baya. Ɗabi'ar tsofaffin mata ke nan, masu adana ƙanzo. Ba irin su muke nema wa rawani ba.

Yanzu kuma bari in juya ga masu zaɓen sarki, don ba a yabon ɗa a manta da waɗanda suka tsayar da shi. Duk dillalin da zai ɗauki ɗan dako sai dattawansa sun zauna sun auna, kuma abubuwan da suke aunawa manya ne.

Na farko nasaba, wato lasisi. Shi wget ɗan gidan GNU ne, lasisinsa GPL, mai sharaɗin cewa duk wanda ya gyara shi ya rarraba, dole ya buɗe gyaran kowa ya gani. Kamfanoni ba su cika son surukin da ke zuwa da irin wannan sharaɗi ba. Shi curl lasisinsa sassauƙa ne, ɗauki ka yi yadda ka so, ka dai bar sunan mai shi a jiki. Kwamfutocin Apple da curl suke zuwa, Microsoft ma ta saka shi cikin Windows 10 a 2018. Wannan bincike na asali yana da kyau ƙwarai. Ɗan ƙanwata da ke rawar ɗari bayan gida, babu abin da ya fi damun sa a daren nan kamar sanin kakannin wanda ya zubar masa da masara.

Na biyu nauyi. Dattawa kan yi kwanaki suna muhawara: in muka haɗa da wancan, kayanmu za su ƙaru da megabait ɗaya ko biyu, mai saukewa zai wahala. Allahu Akbar, ka ji tausayi. Sun tsimi megabait biyu saboda mu, shi kuma gwanin ya zubar da kusan dubu biyu a dare ɗaya. Wannan shi ne tattalin mai gidan da ke ƙirga ƙwayar ashana, rumbunsa kuwa ba gindi.

Na uku gudu, kuma nan ne ake baje kolin fasaha. Akwai ɗan dako aria2, wanda ke iya raba kaya ya tura mutum har 16 rumbu ɗaya a lokaci guda, kowa ya ɗauko yankinsa. Dillalin Scoop in ya gan shi a cikin kwamfuta, da shi yake aiki. A kan babbar hanya wannan abin kallo ne. A Mahuta kuwa, da E a saman waya, ku hango ƙarti 16, kowa da ƙullinsa a ka, sun iso ƙofar zauren da ko jaki sai ya karkata yake shiga. Ƙofar ba ta ƙara faɗi don sun yi yawa. Abin da ya rage wa aria2 daraja a idona shi ne yana ajiye 'yar takarda yana rubuta abin da ya riga ya kawo, don in an yanke ya san inda zai kama. Ɗan dako da littafin lissafi, kamar wani akawu.

Har akwai wata hikimar da ta fi waɗannan. A tsohuwar PowerShell ta Windows, in ka rubuta curl, ba curl ne ke amsawa ba, wata manhaja ce daban ta gidan aka laƙaba wa sunan. Ka ƙwala wa ɗan dakon da ka sani kira, wani ya fito sanye da hularsa, ka yi masa maganar da kuka saba ya tsaya yana kallon ka. Stenberg da kansa ya roƙa a 2016 a cire wa baƙon hular, aka ce masa mutane sun riga sun saba. Sabo kuwa ai turken wawa ne, in ji masu magana, amma su wa suka ce turke ba shi da amfani?

A duk wannan zama na dattawa, tambaya ɗaya ce ba ta cika samun tabarma a gaba ba: in sabis ya ɗauke fa? Ba don ba su da ilimi ba. Tambaya ce ta ƙasa-ƙasa, irin wadda ba ta dace da babban zaure ba. Ni kaina a bakin wani jahili na ji ta.

Mai turi ne, shagonsa na kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa. Faranti biyu na sola a kan rufin kwano, katako guda cike da soket, wayoyi sun fi arba'in suna caji, kowace da lamba a jikin salatif. Tsohuwar kwamfutarsa ya ɗora ta a kan marafan kwalba huɗu don iska ta shiga ta ƙasa. Nan matasa ke kawo memori a zuba musu fina-finan Kannywood masu dogon zango, da Indiya-Hausa, da wa'azi, wanda ba shi da memori a tura masa ta Xender. Washegarin daren nan na bi ta wurinsa da yaron, na ba shi labari ina ta yaba gwanina. Bai ko ɗago kai ba.

"Malam, ni fa duk abin da zan sauke kaya da shi, tambaya ɗaya nake masa. In sabis ya ɗauke, zai ɗora ko zai koma? In komawa zai yi, ko da kuɗi aka haɗa ni da shi ba na so."

Na ce, "To lasisinsa fa?"

"Na tuƙi?"

Kun ji ko. Mutumin da ko GPL bai taɓa ji ba, shi ne zai yi wa dattawan Turai gyara. Bai ma tsaya nan ba, sai da ya ƙara da cewa yana so a gaya masa nauyin kaya kafin a ɗauko, kuma kada a ɗauko komai sai ya ce a ɗauko. Wato ɗan dako ya zo ya durƙusa ya nemi izini. Ina girman sana'a?

Ya juya ga yaron ya ce, "Kai ɗan Malam, rubuta mini adireshin kayan a nan, ka dawo gata da filashi." Dare uku ya yi yana tsinto su, yau kashi 30, gobe 50, sabis na ɗaukewa yana dawowa, manhajarsa na ɗorawa ba kunya ba tsoron Allah. Rana ta huɗu ya miƙo filashi, yaro ya kai gida, ya gwada hatimin da ake tantance fayil da shi, wata doguwar lamba da masu kayan ke wallafawa don a tabbatar ko ƙwaya ɗaya ba ta canza a hanya ba, ta fito daidai. Kaya suka girku, yana ta murna. Ni dai ban saki jiki ba. Abin da aka harhaɗa dare uku kamar rigar almajiri, ko ya yi aiki, ai ba shi da kwarjinin wanda aka ɗauko tashi ɗaya. Gara wanda bai iso ba sam, amma da mutuncinsa.

Wannan ɗabi'a ta ɗori ma ba yau ta fara ɓata mana ƙasa ba. A zamanin Turawa audugar wannan yanki takan bar Funtuwa a jirgin ƙasa. In jirgi ya sami matsala a Zariya, sai a gyara ya wuce Ikko abinsa. Ba wanda ya taɓa tunanin a dawo da dilolin Funtuwa, a kwance su, a mayar da audugar gona a sake tsinka. Rashin wayewa ke nan irin na mutanen da.

Kada kuma a manta da alherin gwanin nawa ga tattalin arziki. Duk mudun da ya zubar a kwata an biya kuɗinsa, ba bashi. Shi kaɗai ne ɗan kasuwar da ke sa mutum ya sayi abu ɗaya sau huɗu, bai karɓa ko sau ɗaya ba, kuma ba a kai ƙara wurin mai unguwa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, darajar kowane tuntuɓensa ta ƙaru ke nan ba tare da ya nemi ƙarin albashi ba. Da masu sayar da data sun san ya-kamata, su za su kawo dokin naɗin.

Wanda ke ganin kujerar "wanda aka tarar a ciki" ƙaramar kujera ce, ya tambayi Google. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da kamfanin, an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don injin bincikensa ya zama shi mutum ke tararwa a waya da manhajar shiga intanet. Sun san abin da dillalan hatsi suka sani tun tuni: mai saye ba ya canza ɗan dakon da aka haɗa shi da shi, ko don bai san ana canzawa ba.

Gwanin nawa ma yana da ɗan'uwa wanda ya fi shi himma, sai dai shi ba a ambatar sa a gaban baƙi. A watan Agustan 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka ba da rahoton cewa wayoyi ƙirar Tecno W2 kimanin 53,000, a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu, sun iso hannun masu su da wata muguwar manhaja mai suna Triada a ciki. Aikinta ta sauko da wata, xHelper, wadda ke yi wa mai waya rajistar abubuwan biya bai sani ba, ko an wanke wayar tas sai ta dawo. Kamfanin wayar ya ce daga wani mai kawo musu kaya matsalar ta shigo, ya kuma fitar da gyara. Ku dubi wannan ɗan dako: ba a aike shi ba ya tafi, ba a biya shi ba ya biya kansa, an kore shi ya dawo ta katanga. Wanda ka aika ya zubar a ƙofa, wanda ba ka aika ba ya kawo har ɗaka. Gida ɗaya, kowa da baiwarsa.

An kuma gwada gwanin nawa da babbar jarrabawa ya ci. A watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, maƙwabtanmu, sai a Disamba aka buɗe. 'Yan kasuwa suka shiga uku, masu POS suka rufe, mutane na hawa mota su yi tafiya mai nisa don kiran minti biyu. Shi kaɗai ne abin bai girgiza ba. Wanda ya saba komawa sifili don yankewar daƙiƙa biyar, wata uku me za su yi masa? Sifilin dai ɗaya ne.

Saboda haka nake roƙon a sa rana. Na fi son bayan kaka, kowa na da ɗan abin hannu, kuma a yi shi da dare, daga ƙarfe 12 zuwa asuba, lokacin da ya saba aiki. A kifa turmi a kan benci ya zama karaga. Mai turi ba za a gayyace shi ba, zai ɓata taro da tambayoyi. Maroƙa su tanadi kirari: na gaban zaure mai komawa kasuwa, tufka da warwara angon sifili, kashi casa'in da bakwai ba ta ruɗe ka ba!

Rawanin kuwa na riga na yi magana da wanda zai naɗa, na ce masa ya samo mai tsawo, kamu goma sha biyu, ya bi a hankali, zagaye bayan zagaye, har ya zo kan ninkin ƙarshe inda ake soke bakin. In a daidai nan wani ya yi tari a cikin taro, ya warware duka.

Ɗan ƙanwata ya ce zai zo, amma sai ya ga kashi nawa aka kai tukuna.